Ciwon dajin hanyar maɗaciya yana hawa ƙwaƙwalwa?

"Assalamu alaikum likita. Mahaifina ne ba shi da lafiya, shekarunsa 63, ɗan kasuwa ne a nan Maradi. Wata biyar da suka wuce idonsa ya yi rawaya, muka ɗauka shawara ce, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe. Da aka yi eko da sikana sai aka ce ciwon daji ne a hanyar da ruwan maɗaciya ke bi, kuma ya wuce a yi masa aiki. Muka fita da shi waje aka sa masa wani ɗan bututun roba, ya samu sauƙi har ya koma zama ƙofar shago. Yanzu sati biyu ke nan yana ciwon kai da asuba har da amai, wani lokaci ya ruɗe ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu, hannunsa na hagu ya yi nauyi, shekaranjiya kuma ya faɗi yana jijjiga. Wani likita ya ce mai yiwuwa ciwon ya hau ƙwaƙwalwa. Ta yaya ciwon ciki zai hau kai? Gwaggo ta ce sammu ne. Yayana kuma so yake a sayar da gonarmu ta hanyar Tibiri a sake fita da shi. Don Allah ka gaya mini gaskiya."

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Tunda gaskiya kika nema zan faɗa miki ita, gwargwadon abin da likita zai iya faɗi a kan majinyacin da bai ɗora wa hannu ba.

Abu uku kike son sani: ko wannan ciwo yana kaiwa ƙwaƙwalwa, ko shi ne ke damun Baba yanzu, da ko sake fita da shi zai amfane shi har a rabu da gona. Na farko amsarsa gajera ce, yana kaiwa, amma da wuya ƙwarai. A kan na biyu zan daɗe, domin abubuwan da kika lissafa akwai dalilai da dama da ke kawo su ga mai irin ciwon Baba, wasunsu kuma ana maganinsu a nan gida cikin kwana biyu ko uku. Abin da ba na so shi ne a yanke cewa ciwo ya hau kai, a naɗe hannu ko a kira dillalin gona, alhali ko sukarin jininsa ba a auna ba. Kuma tun kafin ki ƙarasa karatun nan: mutumin da ya yi jijjiga shekaranjiya, hannunsa ya yi nauyi, a asibiti ya kamata ya kwana yau.

Inda ciwon yake

Ranar layya, in kin tsaya wurin fiɗa, za ki ga mahauci yana lallaɓa wata 'yar jaka koriya da ke manne da hanta, yana cire ta a hankali don kada ta fashe nama ya yi ɗaci. Ita ce maɗaciya, wasu su ce matsarmama. Ita dai ma'ajiya ce kawai. Ruwan da ke cikinta hanta ce ke yin sa, wajen rabin lita ko fiye a kowace rana, ya biyo ƙananan hanyoyi da ke cikin hantar, su haɗu su zama biyu, biyun su haɗu a ƙofar hanta su zama ɗaya, ita kuma ta gangara ta zuba cikin hanji. Babbar hanyar nan ba ta kai kaurin fensir ba. A cikin hanji ruwan yana taimakawa wajen narkar da mai, kuma shi ke ba bayan gida kalarsa.

Ciwon Baba daga bangon waɗannan hanyoyi yake tsirowa, sunansa a takardar likita kolanjiyokasinoma. Wani yana fitowa can cikin hanta, wani a ƙasa kusa da hanji, amma mafi yawa a mahaɗar nan ta ƙofar hanta yake zama, wanda ake kira da sunan Klatskin, wani likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1965. Da yake hanyar siririya ce, ƙari ɗan kaɗan ya isa ya toshe ta. Sai ruwan ya koma cikin jini: ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Kun ɗauka shawara ce, kuma ba ku yi kuskure ba, shawarar ce. Sai dai shawara alama ce, kuma wadda toshewa ta kawo saiwar rawaya ba ta buɗe ta. Kada ki ɗora wa kanki laifin makonnin da aka yi ana jiƙo. Ko a ƙasashen da kowa ke da likitansa, galibin masu wannan ciwo ana gano su ne bayan ya wuce aiki.

A ƙasarmu ba shi ne ciwon dajin da ya fi kama hanta ba. Wanda muka fi gani shi ne na tsokar hantar kanta, wanda ciwon hanta nau'in B ke jawowa, da gubar da ke cikin gyaɗa da masara in sun yi funfuna a ajiya. Inda na hanyar maɗaciya ya fi yawa a duniya shi ne arewa maso gabashin Tailan, saboda wata tsutsa da ake ɗauka a cin ɗanyen kifi, tsutsar da babu ita a nan, don haka kada wani ya tsorata ku da kifin Madarunfa. Ba a ɗaukar ciwon wurin jinya ko cin abinci a kwano ɗaya. Amma ku 'ya'yansa da iyayenku mata ku je a yi muku awon ciwon hanta B, don yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon guda biyun, kuma yana zama a gida ɗaya shekara da shekaru ba a sani ba.

Yadda zai kai ga ƙwaƙwalwa

Ciwon daji nama ne na jikin mutum da ya daina bin ƙa'ida, yana ta haihuwa ba tsayawa. In ƙwayoyinsa sun ɓalle sun shiga jini, duk inda jini ya kai su suna iya zama su kafa. Na hanyar maɗaciya ya fi son maƙwabta: sauran hanta, kaluluwar da ke kewaye, tantanin ciki. In ya yi nisa sai huhu da ƙashi. Kafin ƙwaya ta isa kai sai ta fita daga hanta ta shiga zuciya, zuciya ta tura ta huhu, ta tsallake ƙananan jijiyoyin huhu da suke kamar rariya, ta dawo zuciya, sannan ta hau. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ake samunsa a kansu an riga an gan shi a wasu wurare, sau da yawa a huhu. A asibitocin da suka bi ɗaruruwan masu wannan ciwo suka ƙirga, waɗanda ya kai wa ƙwaƙwalwa ba su wuce ɗaya ko biyu cikin 100 ba. Ciwon dajin huhu da na nono su ne suka saba hawa kai, wannan baƙo ne a wurin.

Likitan da ya faɗa muku haka ba shaci-faɗi ya yi ba. Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. In wani abu ya tsiro a ciki, naman da ke kewaye da shi sai ya kumbura, matsi ya ƙaru. Matsin ya fi tsanani in mutum ya kwana kwance, shi ya sa ciwon kan ke tashi da asuba ya zo da amai, ya lafa in rana ta ɗaga. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da hagun jiki, saboda haka nauyin hannun hagu yana nuna a duba dama. Jijjiga ga dattijon da bai taɓa farfaɗiya ba ita ma tana sa mu zargi wani abu a cikin kai. Ni ma da na karanta wasiƙarki can hankalina ya fara zuwa. Abin da alamun nan ba sa faɗi shi ne mene ne abin.

Abubuwan da ke shigar burtu

Zan ba ki labarin kuskurena. Shekarun baya aka kawo mini wani dattijo daga wajen Dakoro, ciwon daji ya cinye masa hanta, ya yi kwana ɗaya ba ya gane kowa, ɓarin jikinsa ɗaya ya saki. Na duba shi da yamma, na ja babban ɗansa gefe na ce masa ciwon ya kai inda ya kai, su yi haƙuri. Aka kewaye gadon ana karanta Yasin. Da dare sai ma'aikaciyar jinyar da ke aiki ta huda masa yatsa ta auna sukari, don ƙa'idarta ce ga duk wanda ya suma. Giram 0,3 a lita, abin da ya kamata ya wuce 0,7. Ta ɗaura masa ruwan sukari. Ba a yi rabin awa ba ya buɗe ido, ya shafa kansa, ya tambayi wanda ya ɗauke masa hula. Ciwonsa bai warke ba, amma ya koma gida da hankalinsa ya yi makonni cikin iyalinsa. Hanta ita ce rumbun sukarin jiki. In ta lalace, mai ita kuma ba ya cin abinci, sukari na faɗuwa har ya kawo ruɗewa da jijjiga da mutuwar ɓarin jiki. Tun daga ranar ban ƙara cewa komai a kan wanda ya ruɗe ba sai na ga awon yatsa.

A wurin Baba kuwa, abin da na fi zargi bayan wannan shi ne bututun nan da aka sa masa don buɗe hanyar ruwan maɗaciya. Kin ce na roba ne, kuma lissafinki ya nuna ya haura wata uku ko huɗu a jikinsa. Na roba yakan toshe ne a wajen wata uku, shi ya sa ake sa ranar canza shi. Na ƙarfe ya fi daɗewa. In ya toshe, ruwan maɗaciya ya tsaya cik kamar kududdufi, ƙwayoyin cuta daga hanji su hau su yi gida, daga nan su shiga jini. Ki duba: rawayar ido ta dawo? Fitsari ya sake yin duhu? Yana zazzaɓi da rawar ɗari, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama? In wannan ya haɗu da ruɗewa, abu ne na gaggawa, yana iya kashe mutum cikin kwana kaɗan, alhali allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da sake buɗe hanyar suna dawo da shi. Dattijo ma wani lokaci jikinsa ba ya zafi, ruɗewar kaɗai za a gani. Ƙwayoyin nan kuma suna iya bin jini su tara mugunya a cikin ƙwaƙwalwa, ta ba da ciwon kai da jijjiga daidai irin na ƙari.

Akwai kuma jini. Jiki yana buƙatar bitamin K don jini ya daskare, shi kuma bitamin K ba ya shiga jiki daga hanji sai da ruwan maɗaciya. Wanda hanyarsa ta daɗe a toshe jininsa yakan tsinke. Ɗan buguwar kai da marfin shago, wanda shi kansa ya manta da shi, ya isa ya sa jini ya yi ta ɗiga a hankali tsakanin ƙoƙo da ƙwaƙwalwa har sati biyu ko uku, sannan ciwon kai da ruɗewa da nauyin hannu su bayyana. Wannan ana iya zuƙe shi da ƙaramin aiki bayan an gyara jinin. Abin mamaki kuma, ciwon daji na iya yin akasin haka, ya sa jini ya yi gudaji ya toshe jijiyar kai, ya zama shanyewar ɓarin jiki irin wadda aka sani.

Hanta in ta gaji tana barin guba ta taru a jini ta dagula ƙwaƙwalwa ba tare da wani abu ya tsiro a kai ba. Mai wannan yakan yi barci da rana ya farka da dare, ya yi ta maimaita magana, in an ce ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafuka sai su riƙa kaɗawa kamar fiffiken tsuntsu. Rashin yin bayan gida yana tsananta shi, kuma wani ruwa mai zaƙi da ake kira laktuloz yana sauƙaƙa shi. Gishirin jini in ya yi ƙasa saboda amai, ko alli, wato sinadarin kalsiyam da ke cikin jini, in ya yi sama, su ma suna ruɗa mutum. Zazzaɓin cizon sauro ba ya jin kunyar mai ciwon daji, a auna shi. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, ƙulli a hoton ƙwaƙwalwa na iya zama na tarin fuka, wanda ke warkewa da magani. Na ga wanda aka yanke wa ƙauna a kan irin wannan hoton ya tashi.

Sai magunguna. Ki bincika ko ana ba shi tiramadol don ciwo. Tiramadol da kansa yana jawo jijjiga, balle ga wanda hantarsa ba ta iya tace shi. Maganin barci ma yana ƙara dulmuyar da mai ciwon hanta.

Awon da ya kamata a yi

Ba wani abu mai tsawo ba ne. Sukari a yatsa tun a bakin ƙofa, awon zazzaɓin cizon sauro, ƙirgen ƙwayoyin jini, gishirin jini da alli, aikin ƙoda, yawan rawayar da ke cikin jini, da awon daskarewar jini da ake rubutawa TP. Sai eko na ciki a ga ko hanyoyin sun sake kumbura a bayan bututun. Sannan hoton sikana na kai, da allurar da ke haska ƙari in ƙoda ta yarda. IRM, wani hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi sikana gani, musamman ƙananan ƙulli da abin da ke bayan kai, amma sikana ta isa ta nuna jini ko babban ƙari ko kumburi, kuma ita ce ta fi kusa da ku. Ku nemi a yi ta a nan Maradi kafin ku yi maganar hanya. In za a shiga na'urar, ku tambaya ko za a haɗa da ƙirji: in huhu fes yake, shakkata a kan cewa ciwon ne ya hau kai za ta ƙaru. Wani awon jini da ake kira CA 19-9 kada ku kashe masa kuɗi a wannan gaɓa, yana hawa ko da toshewa ce kawai, kuma ba ya faɗin abin da ke cikin kai.

In ya tabbata shi ne

To a nan sai an daure. Ciwon da ya kai ƙwaƙwalwa daga hanyar maɗaciya babu asibitin da ke warkar da shi, a Faransa ne ko Indiya ko Amurka. Rai a hannun Allah yake, babu likitan da ya san ranar wani. Abin da aka gani dai a waɗanda aka bi labarinsu shi ne, daga ranar da aka gano shi a kai, tsaka-tsakin abin da suke ƙarawa wata uku ne zuwa huɗu. Wanda ciwon ya kwantar yakan gaza haka, mai ƙarfin jiki da ƙulli ɗaya tak yakan wuce.

Abin da ya fi saurin taimako kuma ya fi arha shi ne dekzametazon. Ba ya taɓa ƙarin, kumburin da ke kewaye da shi yake saukarwa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sai ki ga ciwon kai ya lafa, amai ya tsaya, hannu ya ɗan motsa, mutum ya dawo hayyacinsa. Likita ne zai tsara yawansa, galibi tsakanin miligiram 4 zuwa 16 a rana, a sha da safe don kada ya hana barci, a rage a hankali. Yana ɗaga sukari, yana kawo farin baki, yana cin ciki, kuma in mugunya ce ko tarin fuka a kai sai ya rufe alamun cutar tana ci gaba a ɓoye. Don haka kada a saye shi wurin 'yan tebur a fara ba shi kafin hoto. Tunda ya riga ya yi jijjiga sau ɗaya, yana buƙatar maganin hana ta. Ga mai ciwon hanta na fi son lebetirasetam in ana samu, don bai dogara da hanta sosai ba. A cikin sauran magungunan jijjiga, Depakin ba na ba wanda idonsa ya yi rawaya, Gardenal kuma yana sa su nauyin barci.

Bayan wannan akwai gashi da haske, radiyoterafi. Ana iya gasa kai gaba ɗaya, sau biyar ko sau goma cikin sati ɗaya zuwa biyu. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara wannan aiki, abin da a da sai an bar ƙasa. Amma ki san nauyinsa. A 2016 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Ingila da Ostareliya a kan mutum 538 da ciwon dajin huhu ya hau musu kai, waɗanda ba za a iya yi wa aiki ba: rabi aka gasa musu kai, rabi aka bar su a kan dekzametazon da kyakkyawar jinya. Bambancin kwanakin da suka yi bai taka kara ya karya ba. Ba ciwon Baba aka gwada ba, amma darasin ya shafe shi: ga wanda jiki ya riga ya yi rauni, gashin kai gaba ɗaya wahalarsa na iya fin amfaninsa. Akwai wani gashin na daban da ake auna ƙullin kaɗai a harbe shi da haske mai ƙarfi a zama ɗaya ko kaɗan, da kuma aikin fiɗa a cire shi. Waɗannan na mutumin da ƙullinsa ɗaya ne ko 'yan kaɗan, yana tafiya da ƙafarsa, ciwon cikin kuma ya lafa. Ni likitan cikin jiki ne, hukuncin fiɗar kai na masu ita ne, kuma da hoto a hannu suke yanke shi.

Shimiyo kuwa, wato maganin ciwon daji da ake ɗaurawa ta jijiya, wanda aka dogara da shi tun 2010 haɗin jemsitabin da sisplatin ne. A binciken da ya kafa shi ya kai tsaka-tsakin rayuwa wata 11,7, inda jemsitabin shi kaɗai ya tsaya a 8,1. A 2022 aka ƙara masa durbalumab, ya ƙara ɗan abin da bai kai wata biyu ba a tsaka-tsaki, da tsada mai yawa. Akwai kuma ƙwayoyin sha na zamani, irin su pemigatinib da aka amince da shi a Amurka a 2020, amma suna aiki ne ga 'yan kaɗan da aka samu wani canji na musamman a ƙarinsu, galibi masu na cikin hanta, kuma sai an ɗebi naman an aika awo. Matsala biyu ke nan ga Baba. Ba a ɗaura shimiyo ga wanda idonsa ke rawaya sai an buɗe hanya rawayar ta sauka. Sannan ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini da ke tare yawancin magunguna, har da waɗannan.

Maganar gona

Yayanki son mahaifinsa ne ke motsa shi, da tsoron kada gobe a ce ya bar uba ya mutu yana riƙe da ƙasa. Kada ki yi masa gardama, ki ba shi tambayoyin da zai yi. Kafin a sayar da komai, a aika hoton kai da sakamakon jini ga asibitin da ake son zuwa, ta WhatsApp ma ya isa, a ce su rubuto: me za ku yi masa, kwana nawa zai ɗauka, nawa ne, kuma me zai ƙaru da shi? In amsar ita ce "ku kawo shi mu gani", wannan ba dalilin sayar da gona ba ne.

Tafiyar da nake goyon baya ita ce mai manufa ɗaya bayyananniya. In bututu ne ya toshe kuma babu mai canza shi kusa, a tafi, don wannan yana sayen watanni masu daɗi. In jini ne ya taru a kai, a tafi wurin mai zuƙe shi. In ƙulli ɗaya ne kuma Baba ya miƙe bayan dekzametazon yana zuwa masallaci da kansa, a yi shawara da masu gashi da haske. Amma in hoto ya nuna ƙulli da yawa, ciki ya tara ruwa, yana wuni kwance, to Yamai kaɗai ta fi kilomita 600, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda a mota ga mutumin da ke amai yana iya jijjiga a hanya. Na sha ganin an fita da dattijo an kashe abin da aka tara shekara talatin, ya cika a ɗakin da ba ya jin harshen kowa, a dawo ana neman kuɗin ɗauko gawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, hukuncin naku ne. Ra'ayina dai ke nan.

Kuma akwai wanda ba a tambaya ba a duk wasiƙar nan, shi ne mai gonar. Mun saba ɓoye wa majinyaci ciwonsa don kada zuciyarsa ta karye. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana karantar fuskar masu ciniki ya riga ya karanci taku. In magani ya dawo masa da hankali, kwanakin nan masu tsada ne, kuma ba lalle su daɗe ba. Ɗan kasuwa yana da bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da ajiyar mutane da ba a rubuta ba, da wasiyya, da wanda yake son ya nemi gafararsa. A samu wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa, ya zauna da shi ya tambaye shi abin da yake son sani da abin da yake so a yi. Ba dole a ɗora masa abin da bai nema ba, amma in ya tambaya kada a yi masa ƙarya.

Gwaggo kuma a bi ta a hankali. Wanda ya ga ɗan'uwansa yana kiran matattu yana faɗuwa, ba abin mamaki ba ne ya ce sammu. Addu'a da tofi ba su hana magani, a bar ta ta yi. Abin da za ki tsaya a kai shi ne uku: ba ƙaho ba tsaga, don jininsa na iya ƙin tsayawa, ba sabon jiƙo, don hantar ba ta da sauran ƙarfin tace shi, ba a ɗura masa rubutu ko ruwa in ba ya cikin hayyacinsa, don huhu zai tafi.

In jijjiga ta sake zuwa, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a janye abin da zai buge. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a yi masa hayaƙi. Wani ya duba agogo. Yawanci tana tsayawa kafin minti biyu ko uku. In ta kai biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a ɗauke shi nan take. Don ciwon kai kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diklofenak, suna ƙara tsinka jini su ci ciki. Farasitamol ya halatta, amma kada ya wuce giram 2 a rana. In ciwo ya fi ƙarfin wannan, ku roƙi likita morfin ba tare da jin kunya ba. In an auna shi daidai ba ya gajarta kwana, kuma ya fi tiramadol aminci ga mai jijjiga. A ɗaga masa kai da matashi biyu in zai kwanta. A ba shi abin da ransa ke so kaɗan-kaɗan, kunu, fura mai tsabta, romo, har da wani abu kafin barci saboda sukari, kuma a lura yana bayan gida kullum.

Yau in za ku tafi asibiti, ki haɗa duk takardun da aka ba ku a waje, musamman wadda ke ɗauke da ranar da aka sa bututun da irinsa, da faifan hoton farko. Ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na likita da na tebur da na gargajiya, ki miƙa wa wanda zai duba shi. Wanda ya ga faɗuwar shekaranjiya da idonsa ya bi ku, don za a tambaye shi ta wane hannu jijjigar ta fara da kuma minti nawa ta yi.